Tagwaye a Hannun Masu Auna Hali

Tun kafin a iya leƙa cikin jinin mutum a karanta abin da ya gada, tagwaye ake kira su ba da shaida duk lokacin da gardama ta tashi kan inda hali yake fitowa. A farkon ƙarni na 5, Augustine, malamin Kirista da ya shugabanci majami'ar garin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ɗauke su ya jefi masu duban taurari da su. Ya ce in har tauraron da ya fito a sa'ar haihuwa ne ke rubuta wa mutum halinsa, ta yaya 'ya'ya biyu za su faɗo kusan lokaci ɗaya, ƙarƙashin sama ɗaya, ɗaya ya tashi maharbi mai kwana a daji, ɗaya kuma mai zaman gida? Annabi Yakubu da ɗan'uwansa Isuwa yake nufi. Masu duba suka ce ai 'yar tazarar da ke tsakanin haihuwar na farko da na biyu ta isa taurari su gusa. Ya ce to in haka ne, babu mai duban da ke da ma'aunin da zai kama wannan tazara, sai su naɗe tabarmarsu.

A wurin Augustine, bambancin tagwaye ne hujja. Da aka sake kiran su gaban shari'a bayan shekaru fiye da 1,400, kamanninsu aka nema.

Wanda ya kira su shi ne Francis Galton, Bature ɗan Ingila, mai dukiyar gado da yawan tambaya, wanda kakansa ɗaya da Charles Darwin. Galton mutum ne da ba ya ganin abu ya bar shi bai ƙirga ba. A 1869 ya fitar da littafi yana nuna cewa alƙalai da manyan malamai da 'yan siyasar Ingila daga gidaje ƙalilan suke fitowa, ya ce wannan gado ne. Aka mayar masa da amsar da kowa zai iya bayarwa: ɗan alƙali yana gadon jinin ubansa, amma yana gadon littattafansa da abokansa da kuɗin makarantarsa. Ta ina za a raba su? Sai ya tuna da tagwaye. Ya aika takardun tambayoyi ga tagwaye da iyayensu, ya roƙi kowa ya nuna masa wasu, a 1875 ya buga sakamakon a wata mujalla. Ya sami cikakken bayani kan tagwaye 35 da suka tashi da kama sosai, da wasu 20 da tun suna goye ba su yi kama ba. Abin da yake nema shi ne ko rayuwa na raba masu kama, ko zama gida ɗaya na haɗa marasa kama. Ya ce bai ga ko ɗaya ba. Masu kama suna tsufa da kamanninsu, har ciwo ɗaya ke kama su a lokaci ɗaya. Marasa kama kuwa tuwo ɗaya da malami ɗaya ba su sa sun zama ɗaya ba. A cikin labaran da ya tara akwai na wani da ya sayi kofunan gilashi a Sikotland don ya ba ɗan'uwansa mamaki, ashe shi ma ɗan'uwan yana Ingila yana sayo masa irinsu sak.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a kunnena, domin ni Gambo ne, a bayan Hassana da Husaina aka haife ni. Na tashi ina jin cewa ba a ɓata wa tagwaye rai, ba a ba ɗaya kyauta a hana ɗaya, kuma kunama ba ta harbin su. Atamfa ɗaya ake yanka musu, kitso ɗaya, awarwaro ɗaya. Baƙi ba sa bambance su, malaman makaranta ma sai sun tambaya. Amma Inna ko a duhu ta san wace ce wace, kuma ba ta fuska take ganewa ba. Husaina ce ke shiga ɗaki da magana a bakinta. Hassana sai ta tsaya bakin ƙofa ta ga waɗanda ke ciki tukun. Galton ya tattara labaran kofuna, bai ba irin wannan sanin na uwa muhimmanci ba, kuma sai da sana'ar da ya kafa ta haura shekara ɗari kafin ta juyo kansa.

Dole a faɗi wane ne Galton kafin a wuce. Shi ya ƙirƙiro aƙidar gyaran iri a tsakanin 'yan Adam, ya raɗa mata suna a 1883: a ƙarfafa wa “nagartattu” su hayayyafa, a rage haihuwar waɗanda ya ga ba su cancanta ba. Ya yi tafiya a ƙasar da yau ake kira Namibiya a farkon shekarun 1850, kuma a 1873 ya rubuta wa jaridar The Times wasiƙa yana ba da shawarar a kwaso Sinawa a zaunar da su a gabashin Afirka su maye gurbin baƙar fata. Mutum ne da ya riga ya san amsar da yake so kafin ya aika tambaya. Wannan cuta ta bi sana'ar awon tagwaye kamar yadda ya ce ciwo na bin jini.

Dabarar da ake amfani da ita har yau ba tasa ba ce, domin bai fahimci bambancin tagwaye iri biyu yadda ya kamata ba. A 1924 wani likitan fata Bajamushe, Hermann Werner Siemens, ya shimfiɗa ta, kuma da tawadar Allah ya fara, yana ƙirga ɗige-ɗigen da ke jikin tagwaye. Akwai 'yan ƙwai ɗaya: ƙwai guda ne ya rabu biyu, don haka ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne, kuma dole su zo jinsi ɗaya. Akwai 'yan ƙwai biyu: uwa ta saki ƙwai biyu a wata ɗaya, 'ya'yan sun zama wa da ƙani ne kawai da suka yi zaman ciki tare, kusan rabin ƙwayoyin gadon da ke bambanta mutane suka haɗa. Duka biyun ciki ɗaya suka kwanta, nono ɗaya suka sha, gida ɗaya suka tashi. In aka ga 'yan ƙwai ɗaya sun fi 'yan ƙwai biyu kama a wani abu, to rarar daga gado take. Siemens ya ga a yawan tawadar Allah kamannin na farko ya ninka na biyun. A wannan shekarar kuma wani Ba'amurke, Curtis Merriman, ya gwada irin wannan tunani a kan jarrabawar basira.

Shekaru goma sha da suka biyo baya sun nuna abin da ke faruwa in gwamnati ce ta riga ta san amsa. A birnin Mosko, wani likita mai suna Solomon Levit ya shugabanci wata cibiya da ta tara ɗaruruwan tagwaye, har ana koya wa ɗaya wani aiki a bar ɗayan don a ga abin da horo ke ƙarawa. Amma gwamnatin Stalin ta ɗauki maganar gado a matsayin cin amanar juyin juya hali, tunda aƙidarta ita ce tsarin zama ne ke ƙera mutum. Aka rufe cibiyar a 1937, aka harbe Levit a 1938. A Jamus kuwa akasin haka ake so a ji. Babban masanin tagwaye a can shi ne Otmar von Verschuer, wanda ya zama shugaban wata babbar cibiyar bincike a Berlin a 1942. Tsohon mataimakinsa shi ne Josef Mengele, wanda ya isa sansanin Auschwitz a 1943 ya riƙa tsayawa bakin jirgin ƙasa yana tsamo tagwaye daga cikin waɗanda aka kawo. An ƙiyasta yara kimanin 3,000 ne suka shiga hannunsa, kuma kusan 200 kawai aka samu da rai. Ana sa wa ɗaya cuta, in ya mutu a kashe ɗayan don a kwatanta gawarwakin. Ba wani ilimi da ya fito daga wannan ta'asa. Verschuer tarar kuɗi kaɗan kawai aka ci shi bayan yaƙi, kuma a 1951 ya koma kujerar farfesa a jami'ar Münster.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wani aiki mai natsuwa da ya fito daga Chicago a 1937, wanda na fi ganin girmansa a kan sauran na zamaninsa. Masana uku, Newman da Freeman da Holzinger, sun nemo tagwaye 'yan ƙwai ɗaya 19 da aka raba tun suna ƙanana, sun jawo wasunsu da alkawarin kai su kallon baje kolin duniya da aka yi a birnin. Sun ga kama mai yawa, amma sun rubuta bambancin ma. Akwai wasu mata biyu, ɗaya ta yi 'yan shekaru kaɗan a firamare, ɗaya ta gama kwaleji, tazarar maki 24 aka samu tsakaninsu a jarrabawar basira. Masanan ba su ɓoye ba, ba su kuma yi kurin sun warware gardamar ba.

Cyril Burt na Ingila shi ya yi kurin. Masani ne mai faɗa a ji, har sarauta aka ba shi, kuma ra'ayinsa ya yi tasiri a zamanin da ake tace yaran Ingila da jarrabawa suna shekara 11. A 1955 ya ba da rahoton tagwaye 21 da aka raba, a 1966 suka zama 53, amma adadin da ke nuna kamanninsu a basira bai motsa ba, 0.771 ne daram. Duk wanda ya taɓa fitar da matsakaicin makin aji ya san in ka ƙara ɗalibai talatin dole lissafi ya gusa. Bayan rasuwarsa a 1971, Leon Kamin na jami'ar Princeton ya lura da haka, sannan a 1976 wani ɗan jarida ya nemi mata biyun da Burt ya ce su suka taya shi gwajin, bai same su ba. Yana da masu kare shi har yau, amma ba mai kafa hujja da alƙalumansa. A New York kuma, a shekarun 1960, wata hukumar ba da riƙon jarirai mai suna Louise Wise ta riƙa raba tagwaye gidaje daban-daban ba tare da ta gaya wa masu riƙon cewa yaron na da ɗan'uwa ba, wani likitan ƙwaƙwalwa, Peter Neubauer, yana bin su a asirce yana rubutu. Asirin rabuwar ya fara tonuwa ne a 1980, lokacin da wani saurayi ya shiga kwaleji ya ji kowa na gaishe shi da sunan wani, aka haɗa su, jarida ta buga hotonsu, sai ga na uku ya bugo waya. Ɗaya daga cikin 'yan ukun ya kashe kansa a 1995. Takardun binciken suna jami'ar Yale a kulle har zuwa 2065.

Da wannan tarihi a baya, ba abin mamaki ba ne da a shekarun 1970 maganar gadon hali ta zama abin ƙyama a jami'o'in Amurka. A watan Fabrairun 1979, watan da Mengele ya nutse a teku a Brazil ba tare da ya taɓa tsayawa gaban alƙali ba, wasu maza biyu 'yan shekara 39 suka haɗu a jihar Ohio. An raba su suna 'yan makonni, kowane gida ya raɗa wa nasa suna James. Jim Lewis da Jim Springer kowannensu ya auri Linda ya saki, ya auri Betty. Kowanne ya sa wa ɗansa James Alan, bambancin harafi ɗaya. Kowanne ya taɓa kiwon kare mai suna Toy, taba iri ɗaya suke sha, suna cizon farce, suna fama da ciwon kai iri ɗaya, suna son aikin katako. Thomas Bouchard na jami'ar Minnesota ya karanta labarin a jarida, cikin 'yan makonni ya kawo su ɗakin gwajinsa. Daga nan aka fara binciken da ya ɗauki shekara 20, ya tara tagwaye 137 da aka raba, 81 daga ciki 'yan ƙwai ɗaya. Kowane biyu sukan yi mako guda ana auna su, daga bugun zuciya zuwa haƙora, suna amsa tambayoyi kusan 15,000.

A cikinsu akwai Oskar Stöhr da Jack Yufe, waɗanda aka haifa a Trinidad a 1933. Uwa ta tafi da Oskar Jamus, ya tashi ɗan Katolika, ya shiga ƙungiyar matasan Hitler. Jack ya zauna da ubansa ya tashi Bayahude. Da suka sauka a filin jirgin Minneapolis, riga iri ɗaya suka sa, gashin baki iri ɗaya. Dukansu suna zura robar ɗaure kuɗi a wuyan hannu, suna kora ruwan bayan gida kafin su yi amfani da shi, suna yin atishawa da ƙarfi da gangan a cikin jama'a don su razana mutane, kuma dukansu masu saurin fushi ne. Ba su taɓa jituwa sosai ba.

Ina jin daɗin waɗannan labarai kamar kowa, amma ban ɗauke su hujja ba, kuma shi kansa Bouchard bai gina sakamakonsa a kansu ba. Linda da Betty da James sunaye ne da suka cika Amurka a lokacin. Ka ɗauko Musa biyu 'yan shekara arba'in daga Kano da ba su haɗa komai ba, ka yi musu tambaya dubu goma sha biyar, ba za ka rasa kowannensu da mata Aisha da ɗa Muhammadu da son shayi mai kauri ba. Akwai kuma matsalar da mu muka fi Turawa saninta, wato ma'anar “an raba su”. A yawancin tsofaffin binciken, musamman wanda James Shields ya yi a Ingila a 1962, rabuwar irin riƙon da muka saba ne: ɗaya na wurin uwa, ɗaya na wurin gwaggo ko kaka, wani lokaci a gari ɗaya, har makaranta ɗaya. Sannan wani ɓangare na kuɗin aikin Minnesota daga asusun Pioneer ya fito, wanda aka kafa a 1937 kan aƙidar Galton. Duk wannan ya isa a sa ido.

Sai dai an sa idon, kuma sakamakon bai rushe ba. Ƙasashen Denmark da Suwidin sun buɗe rajistar tagwaye tun shekarun 1950, ta Suwidin don a gano illar taba, kuma yau suna da dubun-dubatar sunaye da ba wanda ya zaɓo su don labarinsu na da daɗi. A 1976 Loehlin da Nichols sun auna tagwaye 850 'yan sakandare a Amurka: a ma'aunin hali, 'yan ƙwai ɗaya sun yi kama da kimanin maki 50 cikin 100, 'yan ƙwai biyu kimanin 28. A 2015 wata tawaga ƙarƙashin Tinca Polderman ta haɗa bincike 2,748 na shekara hamsin, da suka shafi tagwaye fiye da miliyan 14, ta ga a jimlar siffofin da aka auna gado ya ɗauki kashi 49 cikin 100 na bambancin mutane. A hali kawai, irin su son shiga jama'a, saurin damuwa, tsare alkawari da tsari, sauƙin kai, da son sabon abu, adadin na yawo wajen kashi 40. Har ƙwazon ibada an ga yana da rabonsa na gado, ko da yake wane addini mutum ke bi, da wane harshe yake yi, gidan da ya tashi ne ke ba shi.

Ana yawan karkatar da wannan adadi. Ba yana nufin kashi 40 na zafin zuciyata daga Baba yake ba, 60 daga unguwa. Magana ce kan bambancin da ke tsakanin mutanen da aka auna, a wurin da aka auna su. Ka shuka gero a gona mai taki ko'ina daidai, duk zangarniyar da ta fi wata tsawo iri ne ya jawo. Ka shuka rabin irin a fadama, rabi a kan fako, bambancin gonakin biyu ba ruwan iri a ciki. Eric Turkheimer ya nuna haka a 2003 da yaran Amurka: a gidajen masu hali gado ne ya fi bayyana bambancin basira, a gidajen matalauta kuwa rabonsa ya kusa ɓacewa, yanayin gida ya mamaye.

Abin da ya fi tayar da ƙura ba rabon gado ba ne, sauran rabin ne. Kowa ya ɗauka tarbiyya ce, kuma mu da muke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba za mu yi musu ba. Amma alƙaluman sun ƙi. Tagwaye 'yan ƙwai ɗaya da suka tashi ɗaki ɗaya ba su fi waɗanda aka raba kama a hali da wani abin kirki ba. Yara biyu da ba su haɗa jini ba, aka riƙe su gida ɗaya tun suna jarirai, in sun girma halinsu bai fi na baƙi biyu kama ba sai kaɗan. A 1987 Robert Plomin da Denise Daniels suka fito da maganar fili: abin da ke aiki a hali bayan gado abu ne da ke raba 'yan gida ɗaya, ba ya haɗa su. Aka shiga nemansa. Aka duba ko fifikon iyaye ne, ko jerin haihuwa, ko abokai. Kowanne ya ba da ɗan abu kaɗan, babu wanda ya cike gurbin.

A nan masu ɓeraye suka taimaka. A 2013, a birnin Dresden na Jamus, tawagar Gerd Kempermann ta zuba ɓeraye 40 masu ƙwayoyin gado iri ɗaya a babban keji guda, aka sa wa kowanne na'urar bin sawu. Cikin wata uku wasu sun zama 'yan yawo da ke leƙa kowane lungu, wasu sun maƙale a 'yan wurare kaɗan, kuma masu yawon sun fi tsiro da sababbin ƙwayoyin jijiya a sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe tuni. Gado ɗaya, gida ɗaya, hali daban. Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma ƙwayoyin gado ba sa zana wa kowace hanyar da za ta bi. Ƙa'idar gini suke bayarwa, ginin kuma yana tafiya da 'yan kauce-kaucen da ba wanda ya tsara, tun daga cikin mahaifa. Ɗan bambanci ya sa wannan ta fara leƙa waje, leƙen ya ƙara mata ƙarfin hali, ƙarfin halin ya ƙara fitar da ita. Ina ganin a nan ne Hassana da Husaina suka rabu, kuma ba Inna ce ta raba su ba.

Cewa halin na da saiwa a ƙwaƙwalwa tun da wuri, Jerome Kagan na Harvard ya nuna shi. Daga 1989 ya gwada jarirai kusan 500 'yan wata huɗu da sababbin abubuwa, kayan wasa masu motsi, baƙuwar murya, baƙon ƙamshi. Kusan ɗaya cikin biyar sukan banƙare su yi ta kuka da harbe-harbe, kuma daga cikinsu aka fi samun yara masu tsoro da kunya. A wani rukunin da aka tantance suna shekara biyu, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu bayan sun girma, aka ga amigdala, wani ɗan curi da ke faɗakar da jiki haɗari, ta fi zabura in an nuna musu baƙuwar fuska. Amma da yawa daga cikin jariran masu kuka sun tashi ba a gane su a cikin jama'a. Abin da ba su cika zama ba shi ne 'yan gaba-gaɗi.

Da aka iya karanta DNA, an zaci za a kamo ƙwayar gadon kowane hali da hannu. A 1996 aka sanar da ta son kasada, mai alaƙa da sinadarin dofamin, da ta damuwa, mai alaƙa da sirotonin. Jaridu suka yi ta yayatawa, aka rubuta ɗaruruwan maƙaloli a kansu. A 2019 wani bincike da ya duba mutane fiye da 600,000 ya nuna shahararrun ƙwayoyin da aka ɗora wa ciwon damuwa ba su fi kowace ƙwaya da aka tsinta da ka tasiri ba. Wani aikin na 2018 kan mutane kusan 450,000 ya gano wurare 136 a DNA masu alaƙa da saurin damuwa, kowanne tasirinsa bai taka kara ya karya ba. Hali dubban ƙananan abubuwa ne ke haɗuwa su yi shi, ana kuma sake cakuɗa su a kowace haihuwa. Shi ya sa malami ke haifar ɗan tasha, ɗan tasha ya haifi malami, ba tare da an yi wa kowace uwa ƙazafi ba.

Me ya sa tun farko ba a tace hali ɗaya mafi kyau ya game kowa ba? Masu nazarin sauyawar halittu sun sami amsa a wurin wani ɗan tsuntsu na dazuzzukan Holan. Niels Dingemanse da abokan aikinsa sun nuna a 2004 cewa a cikin tsuntsayen akwai masu saurin kutsawa sabon wuri da masu taka-tsantsan, kuma ana gadon wannan. Wanda ya fi tsira ya danganta da shekara: halin da ya ci riba a hunturun yunwa shi ke faɗuwa a hunturun yalwa, kuma abin da ya amfani mace a shekara ɗaya namiji akasinsa ya amfana. Tunda shekaru ba sa zuwa iri ɗaya, babu halin da ya taɓa cinye kasuwa.

Kusan duk alƙaluman nan daga Turai, Amurka da Ostareliya suka fito, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka karanta DNA ɗinsu a manyan bincike asalinsu Turawa ne. Abin ban takaici shi ne tagwayen a nan suke. Haihuwar 'yan ƙwai ɗaya kusan daidai take ko'ina a duniya, wajen 4 cikin haihuwa 1,000, amma 'yan ƙwai biyu sun fi yawa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Percy Nylander, likitan mata a Ibadan, ya ƙirga kusan 45 cikin 1,000 a ƙasar Yarabawa a wajajen 1970, kuma garin Igbo-Ora a jihar Oyo har bikin tagwaye yake yi. A Jamhuriyar Benin an sami kusan 28 cikin 1,000, alhali yawancin Asiya ba su kai 10 ba. Wata masaniya 'yar Koriya ta Kudu, Yoon-Mi Hur, ta fara rajistar tagwayen Najeriya daga makarantun gwamnati a Legas da Abuja, amma aikin jariri ne in aka kwatanta da na Suwidin.

Don haka ba na karɓar maganar “gida ba ya canja hali” yadda take in ɗora ta a kan gidajenmu. Gidajen da aka kwatanta a Minnesota da Stockholm duk suna ƙoshi, duk yaransu na zuwa makaranta iri ɗaya, kuma hukumomi sun tace masu riƙo kafin su ba su yaro. Ba a auna gidan da ake tura Hassan almajiranci wani gari yana ɗan shekara bakwai a bar Husaini a boko ba, ko gidan da 'yan uba goma sha biyar ke cin tuwo daga tukwanen uwaye uku, ko yarinyar da aka ba kishiyar uwa riƙo. A cikin gidan Bahaushe guda akwai 'yan uwa ɗaya, da 'yan uba, da agola, da ɗan riƙo, matakan dangantaka huɗu a tsakar gida ɗaya, abin da mai bincike a Turai zai yi shekaru yana nema bai haɗa ba.

Wanda zai ɗauki aikin auna gidajenmu zai fara cin karo da rarrabe tagwayen. Ungozoma takan duba mabiyiya, in ɗaya ce ta ce 'yan ƙwai ɗaya ne, amma wannan ba ya tabbata: kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan ƙwai ɗaya kowanne da tasa mabiyiyar yake zuwa, na 'yan ƙwai biyu kuma sukan manne su zama kamar guda. In babu kuɗin gwajin DNA, tambayar ko malamai da baƙi na rikita su tana ba da amsa daidai fiye da sau 9 cikin 10. Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi. Wani bincike da Christiaan Monden da Jeroen Smits suka buga a 2017 ya nuna cewa a Afirka kudu da Sahara, ɗaya cikin kowane tagwaye biyar yana mutuwa kafin ya cika shekara biyar, kusan ninki uku na yaran da aka haifa su kaɗai.